Yadda Malamin Tsangayar Ilimi Zai Tattara Maƙalunsa a Intanet Har a Riƙa Ambatonsu

Malamai da yawa a tsangayoyin ilimi da na kimiyyar zamantakewa suna da maƙala ashirin ko talatin a CV, amma in ka rubuta sunansu a Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen ilimi, sai ka ga biyu ko uku, wani ma babu ko ɗaya. Aikin kuwa an yi shi. Yana kwance ne a mujallar sashe da aka buga kwafi kaɗan, ko a kundin taron ƙungiya, ko a littafin karrama wani farfesa, kuma ba wanda ya taɓa ɗora shi a intanet. Mai bincike a Legas ko Nairobi ba zai ambaci abin da bai gani ba, wato ba zai kafa hujja da shi a rubutunsa ba. Na sha zama da abokan aiki muna wannan gyara, musamman idan lokacin ƙarin girma ya ƙarato, ga kuma tsarin da nake bi da su.

Kayan da za ka tanada

CV ɗinka mai cikakken jerin wallafe-wallafe. Kwafin kowace maƙala, na takarda ko na kwamfuta. Imel guda biyu: Gmail naka na kanka, da imel na makaranta, wanda a Najeriya yawanci yake ƙarewa da edu.ng. Kwamfuta da isasshen data, don waya tana wahalarwa a wannan aiki, sai dai wajen ɗaukar hoton shafuka. Sai Excel, in babu shi littafin rubutu ya wadatar. Ka ware ƙarshen mako guda, kada ka yi shi a tsakanin lacca da lacca.

In ba ka da imel na makaranta, ka je sashen kwamfuta na makarantarku ka nema tun yanzu, domin yakan ɗauki kwanaki. Kafin ya fito kana iya yin komai a nan ban da abu ɗaya, zan nuna shi a mataki na 4.

1. Ka tsayar da suna ɗaya

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ɗaya zai rubuta Muhammad a wata maƙala, Mohammed a wata, Muhammed a ta uku. Yau ya sa sunan garinsu a ƙarshe, gobe ya cire ya bar sunan mahaifi. Editan mujalla kuma ya juya sunayen yadda ya ga dama, sunan yanka ya koma sunan dangi. Na'ura ba ta san kai ne ba, sai ta raba ka mutum uku, kowanne da ɗan ambatonsa.

Ka duba tsofaffin maƙalunka, ka ga wane salon suna ya fi yawa, ka riƙe shi daga yau. In sunanka irin wanda ya cika gari ne, ka riƙa rubuta na tsakiya cikakke ko ka ƙara sunan gari, ya zama shi ne na ƙarshe kullum. Masu suna mai ɗauri irin su Sa'idu da Isma'ila, da masu harafi mai lanƙwasa irin Ɗanjuma, su zaɓi hanya ɗaya ta rubutawa su tsaya a kai. Malama kuma, in kin fara wallafa da sunan mahaifinki, ba dole ki sauya ba don kin yi aure. In kuwa kin riga kin sauya, mataki na 3 zai haɗa miki sunayen biyu.

Sunan makaranta ma haka. Ka rubuta shi cikakke yadda yake a hukumance, ba a taƙaice ba.

2. Ka jera ayyukanka a tebur

Layi ɗaya ga kowace maƙala: take, abokan rubutu, shekara, mujalla, kundi da fitowa da shafuka, lambar DOI (lambar shaida ta dindindin da ake bai wa maƙala a intanet) in tana da ita. Sai ka ƙara gurbi biyu: "tana intanet?" da "ina da kwafi?". Don cike gurbin farko, ka kwafi taken maƙalar daidai, ka sa shi cikin alamar zance, ka nema a Google Scholar. Waɗanda ba su fito ba su ne aikin mataki na 5.

3. Ka buɗe ORCID

ORCID lamba ce mai gurbi 16 da ake bai wa mai bincike kyauta, an fara bayar da ita a 2012, kuma ba ta sauyawa ko ka sauya suna ko makaranta. Ka shiga orcid.org ka yi rajista da Gmail ɗinka, sannan ka ƙara imel na makaranta a matsayin na biyu. Dalilin wannan jeri shi ne, ranar da ka bar makarantar za a rufe imel ɗinta, kai kuma kana buƙatar hanyar shiga.

A ƙarƙashin sunanka akwai wurin "Also known as". Ka zuba duk salon sunayen da ka taɓa wallafa da su. Ka cike wurin aiki da digirori, ka mayar da su yadda kowa zai iya gani. Maƙalun da ke da DOI, ka sa lambar kawai, sauran bayanan za su shigo da kansu. Sauran ka dakata da su, za ka kwaso su gaba ɗaya daga Google Scholar.

Kada ka buɗe ORCID na biyu don ka manta kalmar sirri. Ka nemi a aiko maka da hanyar sabunta ta. In ka riga ka yi biyu, akwai wurin soke ɗaya a haɗe shi da ɗayan a cikin saitin asusun.

4. Ka buɗe shafinka na Google Scholar

Ka shiga scholar.google.com da Gmail ɗinka, ka danna "My profile". Ka rubuta sunan da ka tsayar, muƙami da makaranta. A gurbin tabbatarwa ka sa imel na makaranta. Za a aiko da saƙo can, ka buɗe ka danna. Wannan shi ne abin da na ce ba ya yiwuwa sai da imel na makaranta: in ba a tabbatar da shi ba, shafin yana nan, kana iya tura wa mutum adireshinsa, amma ba zai fito ba idan aka nemi sunanka.

Fannonin bincike guda biyar ake ba ka dama. Ka rubuta su da kalmomin da masu fannin suke nema da su, kuma ka matse. "Education" kaɗai ya yi faɗi. Ilimin 'ya'ya mata, horar da malamai, ilimin makiyaya, karatun tsangaya, koyarwa da harshen uwa, waɗannan su ne ke haɗa ka da mutanenka.

Daga nan Google zai kawo maka gungu-gungun maƙalu masu suna irin naka. A nan ake yin ɓarna. Mutum yana sauri sai ya danna gungu gaba ɗaya, washegari shafin malamin tsarin manhaja ya cika da maƙalun likitan ƙoda da na injiniyan man fetur, ambato ya haura dubbai. Wasu sukan bar shi haka don lambar ta yi musu daɗi. Mai tantancewa na waje da aka aika wa takardunka minti biyu zai yi ya gane, daga nan kuma ko maƙalunka na gaskiya da shakka zai dube su. Ka zaɓi "Articles", ka bi su ɗaya bayan ɗaya da teburinka a gefe.

Za a tambaye ka yadda kake so a riƙa sabunta shafin. In sunanka ya yi yawa a gari, ka zaɓi a riƙa aiko maka da imel ka duba kafin a ƙara komai. Sai ka mayar da shafin na kowa da kowa, ka sa hoto mai kyau.

Saura gyara. Maƙala ɗaya takan fito sau biyu ko uku, saboda wani ya ambace ta da kuskuren shekara ko ya gutsure taken. Ka yi wa dukkansu alama ka danna "Merge", ka zaɓi wadda bayananta suka fi daidai. Ambatonsu zai haɗu, za ka ga ɗan tauraro kusa da lambar. Kada ka share su, sharewa tana tafiya da ambaton. Ka kuma nemi waɗanda aka ambata amma ba su da kwafi a intanet; Google yana nuna su da alamar "CITATION", kuma ana iya ƙara su a shafi. Tsofaffin malamai sukan sha mamaki a nan, domin littafin da suka buga shekaru da dama da suka wuce yakan fito da ambato fiye da duk maƙalunsu.

Wadda ba ta fito ba ko ta wace hanya, akwai wurin shigar da ita da hannu. Za ta bayyana a jeri, amma shigarwar ba ta sa kowa ya iya karanta ta. In ka gama, ka yi wa duka alama, ka fitar da su a tsarin BibTeX (fayil mai ɗauke da bayanan maƙalu), ka ɗora fayil ɗin a ORCID.

5. Ka fito da waɗanda ke kan takarda

Wannan matakin ya fi sauran cin lokaci, shi ne kuma yake kawo ambato.

Da farko ka nemi asalin fayil ɗin Word a tsohuwar kwamfutarka ko a imel ɗin da ka aika wa edita. In ka samu, ka mayar da shi PDF, ka rubuta cikakken bayanin mujallar a saman shafin farko. In babu, sai sikanin. Ka shimfiɗa mujallar a wuri mai haske, ka danne tsakiyarta don layukan kusa da ɗinki kada su lanƙwashe, ka ɗauki shafukan da manhajar waya irin Adobe Scan, wadda ke mayar da hoto rubutu. Ka haɗa da bangon mujallar da shafin da ke ɗauke da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar, amma ka sa su a ƙarshen fayil, ba a farko ba.

Gwajin da ba na tsallakewa: ka buɗe PDF ɗin, ka ja linzami a kan jimla ɗaya, ka kwafa ka liƙa a Word. In ta fito rubutu, ya yi. In ba ta kwafuwa, hoto ne kawai ka ɗauka, Google Scholar ba zai karanta shi ba. Ƙa'idarsa kuma ita ce fayil kada ya wuce 5MB, take ya zama da manyan haruffa a saman shafin farko, sunayen marubuta a ƙarƙashinsa, manazarta a ƙarshe. Maƙalar da aka rubuta da Hausa tana da ƙarin wahala, domin waɗannan manhajoji sukan mayar da ƙ da ɗ da ɓ wasu alamomi daban. In gajeruwa ce, gara a sake buga ta a kwamfuta.

Kafin ka ɗora, ka duba haƙƙin mallaka. Mujallar sashe ko ta ƙungiya, ka tambayi edita, da wuya ya hana. Ta manyan kamfanoni irin Elsevier, Taylor & Francis ko Sage, yawanci ba a yarda ka ɗora PDF ɗinsu mai tambari ba, amma ana yarda da kwafinka na ƙarshe da aka karɓa bayan tantancewa, wani lokaci sai bayan wasu watanni. Shafin Sherpa Romeo, wanda yanzu ake kira Open Policy Finder, yana nuna ƙa'idar kowace mujalla. Ka kuma sanar da abokan rubutu.

Ina za a ɗora? Na farko rumbun makarantarku, wato shafin intanet da take adana rubuce-rubucen malamanta, in akwai. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Kubanni, Jami'ar Jos ma tana da nata, wasu da dama haka. Ɗakin karatu ne ke kula da su, ka je ka ga ma'aikacin da ke riƙe da shi. In babu rumbu, akwai SocArXiv don kimiyyar zamantakewa, da EdArXiv don ilimi, da SSRN, duk kyauta. ResearchGate ma Google Scholar yana kwaso abubuwa daga cikinsa. Zenodo, wanda cibiyar CERN ke gudanarwa, yana ba da DOI kyauta ga aikin da ba shi da ita, wannan yana da amfani ga rahoton bincike da takardar tambayoyi da bayanan da ka tattara, sai dai kada ka dogara da shi kaɗai don fitowa a Google Scholar. In maƙala tana da DOI tun asali, kada ka ƙirƙira mata wata. Abokanmu na Jamhuriyar Nijar da ke rubutu da Faransanci, waɗanda ƙarin girmansu ke bi ta hukumar CAMES, rumbun HAL na Faransa ya fi dacewa da su.

Kundin digirinka na uku ma ka ɗora shi. A fannin ilimi ɗalibai suna ambaton kundaye sosai.

Bayan ɗorawa sai haƙuri. Sabon abu yakan ɗauki makonni kafin ya fito, gyaran tsohon bayani kuwa Google da kansa ya ce yana iya kai wata shida zuwa tara. Wanda ya fara wannan aiki mako biyu kafin miƙa takardun ƙarin girma ya makara.

6. Ka iya karanta lambobin

Lambobi uku ne a gefen shafin, kowace da ginshiƙi biyu: na duk shekaru, da na shekaru biyar na baya-bayan nan. Ta farko jimillar ambato. Ta biyu h-index, wadda wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar California ta San Diego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. Ta uku i10-index, wato adadin maƙalun da kowace ta samu ambato 10 ko fiye.

Ga yadda ake lissafa h. A ce maƙalunka takwas, ambatonsu daga sama zuwa ƙasa: 40, 22, 9, 6, 5, 3, 1, 0. Ka riƙa ƙirgawa kana kwatanta matsayin kowace a jeri da yawan ambatonta. Ta biyar tana da 5, ta cika. Ta shida tana da 3, ba ta kai 6 ba. To h ɗinka 5 ne, i10 kuma 2. Don h ya zama 6, sai mai 5 ta ƙaru da ɗaya, mai 3 ta ƙaru da uku. Mai 40 ko ta kai 400 ba ta motsa h. Don haka maƙalun tsakiyar jeri su ne suka fi cancantar ka tabbatar suna intanet a buɗe.

Kada ka auna kanka da abokinka na tsangayar likitanci ko kimiyyar harhaɗa sinadarai. Su maƙala ɗaya takan ɗauki marubuta da yawa, ana kuma ambatonta cikin watanni. A ilimi da nazarin zamantakewa ambato yana zuwa a hankali, kaso mai yawa kuma yana cikin littattafai da kundaye da rahotannin hukumomi. Shi ya sa lambar Google Scholar kusan kullum take fin ta Scopus, rumbun bayanan mujallu na kamfanin Elsevier, don Scopus mujallun da ke jerinsa kawai yake ƙirgawa. In fom ya nemi h-index, ka rubuta lambar, da inda ka samo ta, da ranar da ka duba. Mai son ya ga lissafin a tebur yana iya sauke manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing, kyauta ce.

Ni a ganina lambar ba ta faɗin darajar malami. Wanda ya rubuta littafin da ake horar da malaman firamare da shi a jihohi da dama yana iya zama da h 3. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 ta yi kira da a daina auna mai bincike da lambar tasirin mujallar da ya wallafa a ciki (impact factor). Amma kwamiti yana dubawa, masu ba da tallafi suna dubawa, to gara abin da za su gani ya zama cikakke kuma naka.

7. Ka tantance mujalla kafin ka aika

Scopus ba a buɗe shafi a cikinsa. Da zarar maƙalarka ta fito a mujallar da ke jerinsa, shi zai buɗe maka. Neman sunan marubuci kyauta ne, in kuma ka tarar an raba ka biyu akwai hanyar neman a haɗa.

Mujallar da ta ce tana Scopus, kada ka yarda da tambarin da ta liƙa. Ka kwafi ISSN ɗinta ka nema a jerin mujallun Scopus ɗin da kansa, ka duba shekarun da aka nuna, domin akwai waɗanda aka cire amma suna ci gaba da talla. Akwai kuma shafukan bogi da ke satar sunan mujallar gaskiya. Shafin Retraction Watch yana da jerinsu. Alamomin mujallar cin kuɗi ba ɓoyayyu ba ne: imel na yabo daga wanda ba ka sani ba, alkawarin bugawa cikin kwana uku, fitowa ɗaya ta haɗa noma da shari'a da ilimin yara, da lambar tasiri da ba ta fito daga Clarivate ba, kamfanin da ke fitar da ta ainihi.

In kuɗin bugawa ya gagara, DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, yana ba ka damar tace mujallun da ba sa karɓar komai. AJOL, wanda aka fara a 1998, yana ɗauke da mujallun Afirka ɗaruruwa, na Najeriya sun fi na kowace ƙasa yawa, kuma Google Scholar yana ganin abin da ke ciki. In kai ne editan mujallar sashenku, manhajar OJS ta wallafa mujalla a intanet kyauta ce. Ɗora tsofaffin fitowa a kanta zai amfani duk wanda ya taɓa rubutu a ciki. Kafin komai dai ka karanta ƙa'idar ƙarin girma ta makarantarku, domin kowace tana da irin mujallun da take ƙirgawa.

8. Maƙala ta gaba

Take shi ne abin da ake fara gani. Ka sa batun a gaba, wurin binciken a baya. Taken da ya fara da "Nazari a kan wasu zaɓaɓɓun makarantu a ƙaramar hukumar kaza" ba wanda zai nema sai ɗan garin. Wanda ya fara da barin makaranta bayan auren wuri, ko koyar da lissafi da Hausa, mai bincike a Bangladesh ma zai tsaya. Tsakure ya faɗi abin da aka gano, ba abin da aka yi niyya ba. In da Hausa ko Larabci ka rubuta, ka ƙara take da tsakure na Ingilishi. Ka sa ORCID a kowace maƙala.

Ka tsaya a batu ɗaya ko biyu na wasu shekaru. Mai maƙala goma a kan karatun allo shi ake tunawa idan an zo batun, ba mai maƙala goma a kan batu goma ba. Raba bincike ɗaya gida huɗu don cika adadi kuwa yana raba ambaton ne gida huɗu.

9. Dubawa duk wata uku

Ka danna "Follow" a shafinka ka zaɓi a sanar da kai sabon ambato. Duk wata uku ka shiga ka cire baƙin maƙalu, ka haɗa masu maimaituwa, ka sabunta teburinka. In ka ga wani ya ambace ka, ka karanta abin da ya rubuta. Sau da yawa a nan ake samun abokin bincike na gaba.

Ambaton kai halal ne idan sabon aikin ya ginu a kan tsohon. Abin da za ka guje wa shi ne tilasta wa ɗalibanka su cusa maƙalunka a manazarta, ko yarjejeniyar "ambace ni in ambace ka" a zauren WhatsApp, ko biyan masu tallar sayar da ambato. Google Scholar ba ya ware ambaton kai, amma duk wanda ya danna lambar zai ga su wa suka yi ambaton, Scopus kuma yana da maɓallin da ke cire shi gaba ɗaya. Ranar da za ka miƙa takardu, ka buga shafin Google Scholar da na ORCID a takarda da kwanan wata a jiki, ka tabbatar jerin da ke ciki ya yi daidai da na CV layi bayan layi.